Zuwa na Uku

Herat, Afganistan, 9 ga watan Aƙrab, 1398 a kalandar ƙasarmu

Shukufa jan, wato raina, furen za'afaran da ya buɗe bayan na cire rai da gonar, sanyin idona, inuwar inabi a tsakar rani, rumman ɗin da na tsaya ina kallo a kan reshe har aka tsinke shi a gabana,

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina riƙe da mahaifinki a zuciya. Allah ya jiƙan Haji Gafur, amma sai a makon nan bakina ya iya faɗar haka ba tare da ɗaci ba. Na ɗauki fushinsa na tafi da shi Kabul, na tsallaka iyaka da shi zuwa Mashhad lokacin gudun hijira, na dawo da shi garin nan yana nan yadda yake, bai tsufa ba, ni ne na tsufa. Duk abin da ya kuɓuce mini a duniya shi na ɗora wa. Karatun Ingila da aka ba ni aka soke da gwamnati ta canza, kujerar koyarwa a jami'a da aka miƙa wa waɗanda ba su kai ni ba, littattafaina da suka ƙone, duka sai in ce daga ƙofar gidanku tsiyar ta fara, ranar da aka mayar da uwata hannu rabbana har sau biyu.

Kin tuna tsakar gidanku kuwa? Ni ban taɓa fita daga cikinta ba. Ina saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, da sabuwar takardar digiri, da kwat ɗin da na ɗauka duk Herat ta tsaya kallo, ina zuwa koya wa ƙaninki Nasir Turanci a gindin bishiyar nan ta bakin rijiya. Nasir kansa kamar dutse, Allah ya sani. In tambaye shi abu ya yi ta sosa ƙeya, sai in ji amsar ta fito daga bayan labule a hankali, kamar ruwa yana bin ƙarƙashin ciyawa. Na yi wata huɗu ina koyar da labule! Ranar da kika aiko da shayi da ɗan kwano cike da 'ya'yan rumman, an ɓare su ɗaya bayan ɗaya babu ko ɗigon farin ɓawo, na zauna ina kallon kwanon ina lissafin lokacin da yatsunki suka ɓata saboda ni. Ban ci ba, don kunya. Nasir ne ya kwashe da hannu biyu. Wace irin wauta ce take sa mutum ya bar abin da aka yi dominsa wani ya cinye?

Sai na tura uwata. Ta je da yayata Hawa, aka ba su shayi, mahaifinki ya aiko cewa yarinya ƙarama ce tukuna. Bayan mako biyu suka koma, aka ce sai an shawarci baffanki na ƙauye. Uwata ta dawo tana murmushi, tana cire lulluɓi tana cewa, "Ɗana, abu ya yi kyau, shayin yau da sukari aka kawo shi. Alhamis za mu koma." Ni kuwa na buga ƙafa na rantse ba za ta sake taka gidan ba. Ta ce, "Kai wane irin yaro ne? Wa ya taɓa ba da 'yarsa a zuwa na biyu, sai ka ce tumatir ya kwana a kasuwa? Ubanka sau biyar ya turo kafin a ba shi ni, takalmin gwaggonka har ya tsinke." Na ce mata wannan al'adar jahilai ce, ni na yi karatu, a wajen masu ilimi in mutum ya ce a'a to a'a yake nufi. Haka na gaya wa matar da ta haife ni. Ta dube ni, ta ninke lulluɓinta ta sa a akwati.

Ni da aka haifa a garin da maza biyu za su tsaya a bakin ƙofa kowa yana ce wa ɗan'uwansa ya fara shiga har shayi ya huce! Ni da na san baƙo ba ya karɓar ƙarin shinkafa sai an roƙe shi sau uku! Duk na sani, amma na karanta 'yan littattafan Turawa na ɗauka na fi ƙarfin garinmu. Na zauna ina jiran Haji Gafur ya aiko a ba ni haƙuri, shi kuma yana jiran abin da kowane uba yake jira. Kafin shekara ta zagayo gari ya hargitse, kowa ya kama gabansa. A Mashhad na ji an ɗaura miki aure da mai shagon magani. An ce mutumin kirki ne, ya riƙe ki da mutunci har ya koma ga Allah, ban kuma taɓa yafe masa kirkin nan nasa ba. Ni ma na yi aure a can, ba zan ɓoye miki ba. Baiwar Allah ce mai haƙuri, ta rasu bayan shekara shida, ba ta sami komai a wurina ba sai rabin mutum.

To ga inda ilimin ya kawo ni: ɗaki guda a saman shagon tela, allo mai tsagewa, da tsofaffin mata goma sha ɗaya da 'ya'yansu suka aiko su taho ƙasashen waje, ina koya musu yadda za su faɗi sunansu a filin jirgi da yadda za su tambayi hanyar banɗaki. Na saba da wannan ƙasƙancin har na daina jin sa. Sai wata biyu da suka wuce Nasir ya hawo matakalar nan yana haki, da furfura da tumbi, ya ce a rubuta yayarsa, 'yarta ta gama mata takardun Kanada. Ban ɗago kai ba sai da na kira suna kika amsa. Ya Shukufa, muryar nan! Shekaru sun taɓa ta kamar yadda sanyi ke taɓa inabi, bai rage komai ba sai ƙarin zaƙi. Alli ya faɗi daga hannuna, na yi ƙaryar ciwon yatsu.

Ranar Asabar ɗin nan kin ga abin da ya faru, amma ba ki ga abin da ya faru a cikina ba. Darasin da na koyar ya fi sau ɗari ne: yadda Turawa, in suna so a fara wani aiki da kowa ke jan ƙafa a kansa, sai su ce a gara ƙwallon. Na rubuta a allo, na sa kuka maimaita. Bibi Gulsum ta ce, "Ustaz, mu da gwiwa ta ƙi, wane ƙwallo za mu gara? Su dai Turawan nan komai wasa ne a wurinsu." Aji ya kwashe da dariya. Ke ba ki yi dariya ba. Kika ɗaga hannu kamar 'yar makaranta kika ce, "Ustaz, to in mutum ya gara sau biyu ya ga bai tafi ba, sai ya yi fushi ya koma gida? Haka Turawan suke yi?" Gulsum ta ce, "Ke kuma da tambayar tsiya!" Ni na juya ga allo na yi ta goge wurin da babu rubutu.

Da aka tashi muka haɗu a bakin matakala, na ce ki fara sauka, kika ce a'a Ustaz ne gaba, na ce wallahi sai ke. A nan kika faɗa, ba ki ko dube ni ba, kina gyara jakarki: "Babana ya sayi alewar baikonmu tun ranar Laraba. Ni na yi wa hankicin ado da hannuna. Tiren ya yi kwana tara a kan akwati, tururuwa ce ta ci rabonka." Kika sauka abinki.

Kwana uku ke nan ina juya maganar nan. Ashe an shirya! Ashe tiren amincewa yana zaune a rufe yana jiran Alhamis, uwata tana da gaskiya, ta kuma mutu tana ganin ɗanta ya hana ta abin da ke tafin hannunta! Wa zan riƙe yanzu? Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da gawar laifi ina neman mai ita, ashe tawa ce. Fushin nan shi ne sandar da nake dogarawa, kin fizge ta da magana uku, ga ni a tsaye ina rawa kamar busasshen kara a bakin kogin Hari.

Nasir ya ce jirginki ranar ashirin da takwas ga wata. Kwana goma sha tara. Na ƙirga Alhamis uku a ciki, na sake ƙirgawa har kalandar ta huje. Na je wurin Hawa jiya. Shekararta saba'in da biyu, ba ta hawa mota sai an ɗaga ta. Na gaya mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Tsohon banza, sai yanzu da haƙoranka suka zube ka tuna da alewa?" Sannan ta ce a ɗauko mata takalminta mai kyau a goge. Za ta je gidan Nasir jibi. Za ta koma. Za ta sake komawa, ko da a kan kujera za a ɗauke ta. Bari Nasir ya ƙi sau biyu yadda ya kamata, ya ce sai ya shawarci wanda ya ga dama, ba zan yi fushi ba, zan sumbaci ƙin nan in ɗora a goshi.

Amma tsoro ya hana ni sakat, hasken raina. Me zan ajiye a gabanki? A can akwai 'yarki, da jikoki biyu da ba ki taɓa goya su ba, da likita, da titin da ba a jin ƙarar fashewa. A nan akwai tsoho mai tari, da ɗaki biyu, da murhun da ke hayaƙi, da bakin da ya saba da ɗaci har maƙwabta suka daina gaishe shi. Ina da kunyar da zan ce ki zaɓi wannan? Ba ni da ita, kuma ga shi ina cewa. Ki zauna, Shukufa. Ko ki je ki goya su ki dawo da bazara, lokacin da itatuwan tsakar gida ke fure, zan jira a bakin ƙofa kamar yadda ƙasa ke jiran ruwan farko. Abin da ya fi razana ni kuwa shi ne, in aka ce wa Hawa a'a, ta yaya zan gane wace iri ce? Sau ɗaya na ɗauki a'ar al'ada a matsayin ta gaske, na kashe rayuwata. Kada yanzu in ɗauki ta gaske a matsayin ta al'ada, in dame ki a kwanakinki na ƙarshe a garin ubanki, in ja tsohuwa tana hawa da sauka a banza, in mayar da ke abin zance a bakin su Gulsum.

Shi ya sa na sa takardar nan a cikin littafinki na aikin gida, a ɓoye kamar ɓarawo. Aikin da na ba ku shi ne kowa ta rubuta jimla ɗaya da maganar da muka koya. In zuciyarki ta riga ta hau jirgi, ki bar shafin fari. Zan gane, zan tsayar da Hawa, zan ci gaba da koya miki har ranar ƙarshe, ba kuwa za ki ga komai a fuskata ba. In kuwa akwai sauran wuri, ko kamar na ƙwayar rumman ɗaya, ki rubuta ko me kika ga dama, ko da kuskure a kowace kalma. Ba zan sa masa jan biro ba.

Ko kin rubuta ko kin bari, ni naki ne. Na kasance naki ina mai fushi, na kasance naki ina mijin wata, zan kasance naki a Herat ko kina bayan teku bakwai, har ranar da za a juya fuskata alƙibla a rufe.

Naki, wanda ya makara,
Gulam Sarwar

Hawa ta yi wani lissafi jiya da ban roƙe ta ba. Ta ce da ɗanmu na fari yanzu yana da shekara arba'in. Ba mu haife shi ba.