Baƙon da ke neman ungulun rimin Baba

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya Kano, yaya ciwon ƙafar? Mu nan Farin Dutse lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Wani baƙo ya zo ran kasuwa, wai daga gidan zu na Kano, inda ake ajiye namun daji, aka turo shi. Ungulu biyun nan da suka rage a rimin gonar Baba yake so. Ya ce za a gina musu ɗaki mai bishiya a ciki, yara su riƙa kallo. Kawu Idi har ya amince.

Ni hankalina bai kwanta ba. Na ce, "Malam, ina kejin?" Ya ce yana mota. Na leƙa, babu keji, sai buhu da wuƙa da ƙullin gishiri. Ka san yadda masu tsibbu ke neman kan ungulu ido rufe.

Don Allah ka je zu ɗin ka tambaya ko sun aiko wani. Baƙon dai ya tafi bai kama su ba tukuna; in ya dawo, a gindin rimin zai same ni.

Ka gaida kowa. A sa mu a addu'a, har da su biyun, kada 'ya'yanmu su san ungulu a hoto kawai.

Ƙaninka,
Nura