Hannuna Ne Ya Sauke Driss

Zuwa ga Yayana Haddu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zulika da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa wa zaitun na bana albarka. Mu nan Holan sai godiya. Inna tana nan yadda ka bar ta. Wata rana ta gane ni, wata rana ta tambaye ni ko na ga 'yarta.

Na san labarin saukar ƙanenmu Driss daga shugabancin 'yan sandan birninmu ya iso muku, har na ji ana cewa a gidan shayi wai Turawa ne ba sa son Musulmi a kujerar. Yaya, ba haka ba ne, kuma na kasa kai goshina ƙasa da wannan magana a raina.

Ka san tun bara Inna ba ta cin abinci sosai sai daga hannunsa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo ya ba ta kuskus a baki, amma wayar aiki ba ta barinsa. Loma ɗaya ta yi ƙara, ya miƙe, kafin ya dawo Inna ta rufe baki. Takan ce masa ɗan doka mara kunya, ko tsohonsa mai dakon tashar jiragen ruwa bai taɓa tashi ya bar kwano ba. Shi kuma ya sara mata, ya ce ai ita ce kwamishina ta gaske. To, Juma'ar da abin ya faru, Inna ta kwana biyu ba ta ci komai ba. Da ya shiga wanke hannu, na zare wayar daga aljihun kwat ɗinsa, na kashe ƙararta, na tura ta ƙarƙashin tawul a durowa. Inna ta cinye kwanon tas. Har murna na yi.

A cikin minti arba'in ɗin da wayar ta yi a durowa, 'yan kallon ƙwallo suka cushe a mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mataimakin Driss, Koopman, ya kira sau goma sha ɗaya yana neman izinin buɗe ƙofar baya, don tsarin ranar ya ce sai da bakin shugaba. Mutum biyu suka rasu a turmutsutsun. Ɗaya wata mata ce, Marijke, ta taso daga aiki, ba ta ma san ana ƙwallo ba.

A gaban kwamitin bincike Driss cewa kawai ya yi bai ɗauki waya ba, laifinsa ne. Da na ce zan je in faɗi nawa, ya riƙe hannuna, ya ce don Allah Yaya in zauna, 'yan jarida ɗanya za su cinye ni. Amma tun muna riƙe da allo aka karantar da mu hukuncin mai ɓoye shaida. Na je. Shugabar kwamitin ta zuba mini ruwa, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, da tattausar murya, shugaban da ya yi minti arba'in bai laluba aljihunsa ba ranar wasa ba shi da hanzari. Aka kuma ƙara masa laifin ɓoye wa kwamiti gaskiya. Da farko murabus za a bar shi ya yi cikin mutunci. Bayan maganata sallamarsa aka yi. Shekara talatin da ɗaya, Yaya, tun yana sintiri a kan keke. Garin neman gira na rasa ido.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Yakan zo ya ciyar da Inna, ya gaishe ni kamar maƙwabciya, ya tafi.

Roƙona biyu ne. Ka faɗa wa mutanen gari yadda abin yake, da sunana, kada ka rage komai don kunyata. Sannan ka tambayar mini Liman Allal ko kaffarar rai biyu ta hau kaina. Ba sai ya gaggauta amsa ba, azumin dai na riga na fara.

Ka gaishe mini da Zulika, da Gwaggo Luwiza, da Marzuk da iyalinsa. Ku sa Driss a addu'a kafin ni.

Ƙanwarka mai neman gafarar Allah,
Yamna