Na Saɓa Wasiyyarka a Kan Motar

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta dace da kai, na ɗauki alƙalami ne domin in faɗa maka abin da ya yi mini nauyi a baki. Tsawon aurenmu ban kira sunanka ba, ba kuma za ni fara yau ba don jama'a na karantawa.

Tsohuwar motarka tana nan. Ni nake tuƙa ta, kamar yadda ka koya mini a filin makarantar da na shugabanta a Sabon Birni. Wasiyyarka a kanta guda ce: kada wani hannu ya buɗe ta sai na Bawa makanike. Na saɓa.

Da damina motar ta fara zafi. Allurar tana hawa, injin yana karkarwa idan na tsaya, wani lokaci ya mutu. Na ɗauko littafin motar da ka bari, na bi shi da jan biro, na yanke hukuncin cewa lagireto ne ya toshe. Hukunci na kai garejin Bawa, ba tambaya ba.

Ya ɗaga bonet, ya duba ruwa da fanka, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sai ya ɗauki guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana yawo da ɗayan a jikin injin. Ya ce wani siririn tiyo a gindin kafireto ya tsage, injin yana zuƙar iska fiye da man da yake samu, shi ya sa yake zafi. Malam, dariya na yi. A gaban masu jiran gyara na tuna masa cewa sau biyu ya maimaita aji huɗu a hannuna, na ce wanda ya kasa karanta allo ba shi ne zai karanta mini inji da kunne ba. Ya rufe bonet a hankali, irin rufewarka.

Na kai ta wani wuri aka sa sabon lagireto.

Ranar da za ni ta'aziyya Isa, dab da Gatawa, da rana tsaka, tururi ya turnuƙe gabana. Ba ka ga yadda wannan hanya ta koma ba. Yanzu ba a tsayawa a kanta saboda 'yan bindiga. Motoci suka riƙa wucewa, babu mai rage gudu, ban kuma ga laifinsu ba. Dawa ta fi tsayin mutum dama da hagu, kowane motsin kara sai na waiwaya. Lamba guda na san za a ɗauka a taho.

Bawa ya zo a babur. Ya jira injin ya huce, ya ƙara ruwa, ya tayar, sannan ya nuna mini inda za ni ɗora yatsa. Na ji tsagar tana tsotsar fatata, karkarwar kuma ta tsaya nan take. Sabon tiyon daga aljihunsa ya fito da shi. Tun ranar da na muzanta shi ya yanka shi daidai awo, yana yawo da shi. Abin da ya ce kawai: “Malama, mu bar nan.” Ya biyo ni a baya har ƙofar gida.

Na yi masa godiya a zaure, inda babu kowa. Ka san ni. Har na so in ce wannan ya isa, ko kuma wasiƙar nan ta biya. Ba za ta biya ba, Malam, domin Bawa ba ya iya karanta ta, kuma ni ce malamarsa.

Gobe da hantsi, idan gareji ya cika, za ni tafi da ƙafa, in nemi gafararsa da muryar da na zage shi da ita. Da kana nan da ka raka ni, ka tsaya can gefe kana ɓoye murmushi.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya tsare Bawa a kan hanyoyin nan, Ya sassauta mini wannan harshe kafin in iske ka.

Taka har kullum,
Malama