Agogon Jirgi

Santiago, 3 ga Maris

Yaya Fiordaliza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ciwon gwiwa? Sau huɗu ina kiranki ba ki ɗauka ba, shi ya sa na ba direban bas wannan takarda.

Albishirinki. Mama za ta cika shekara saba'in da takwas a wata mai kamawa, ni da maigidana Nelson mun yanka mata tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai, daga La Romana har Jamaika. Nelson ba zai iya rufe asibitin haƙoransa ba, ni zan raka ta. Ke da kika yi shekara ashirin da biyu kina gyaran ɗakuna a irin jiragen nan, wa ya fi ki sani? Ki rubuto mana abin yi da abin bari.

Ƙanwarki,
Yudelka

San Pedro, 9 ga Maris

Yudelka,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda jirgi ya bar min ita. Ki gaida Mama da likitanki.

Madalla. Ashe a gidanmu ma an samu masu shiga jirgi ta ƙofar gaba. Ni ta ƙofar kaya na saba shiga, tare da buhunan albasa.

Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, can ne bai cika tangaɗi ba, kin san Mama ko a bas jiri take yi. Maganin hawan jininta ya zauna a jakar hannu, don manyan akwatuna sai yamma suke isa ɗaki. Ki ɗaukar mata rigar sanyi saboda ɗakin cin abinci. Takalman nan naki masu tsini ki bar su a gida, ba wanda zai kalle ki. Yarinyar da za ta gyara muku ɗaki kuwa, ki tambayi sunanta, ki saka mata alheri a hannu tun ranar farko, kuma kada ki watsar da tawul a ƙasa yadda kike yi a gida. Ɗaki goma sha takwas ke jiranta.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Abin ya sosa min rai. Ni na yi ta shimfiɗa gadon baƙi har kika gama makaranta, ke kika zauna a gefen Mama, yau kuma ke za ki nuna mata teku. Ko da wasa ba wanda ya ce in zo.

Iyakar abin da na sani ke nan. Allah ya kiyaye hanya.

Yayarki

Santiago, 21 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun dawo, amma da ƙyar.

A Jamaika Mama ta ce ƙafarta ta gaji, ta zauna a ɗaki, ni na sauka sayen tsaraba. An ce kowa ya dawo ƙarfe biyar. Wayata na nuna huɗu da rabi na iso bakin ruwa, sai na hango jirgi can yana tafiya, Mama a ciki. Wakilin kamfanin jirgin ya miƙo min fasfo ɗina, wai an ɗauko daga ɗaki. Ya ce, “Baiwar Allah, jirgi da agogon inda ya taso yake aiki. Wayarki ce ta koma lokacin garin nan, awa guda baya. Ai ko mai wanke-wanke a jirgi ya san wannan.”

Kwana biyu kafin in samu jirgin sama in tare su a tasha ta gaba. Kwana biyu Mama ita kaɗai, ba ta san hanyar ɗakin abinci ba, ba ta san ko ina raye ba sai da aka gaya mata.

Na sake karanta wasiƙarki sau uku. Har tawul kin tuna. Yaya, mantawa kika yi?

Yudelka

San Pedro, 26 ga Afrilu

Yudelka,

Barka da dawowa. Ya jikin Mama?

Zan iya ce miki mantawa na yi, ki yarda. Ban manta ba. Sau nawa na tsaya a saman jirgi ina kallon masu kuɗi suna gudu a bakin ruwa, jaka a ka, muna dariya ni da abokan aikina. Da nake rubuta miki, na zo daidai maganar agogon jirgi na ɗaga biro. Na ce bari matar likita ta ɗan yi gudu ita ma. Gudu kawai na so ki yi, ki iso kina haki Mama na kallo. Ban kawo za ki bar ta a ɗaki ba, ban kawo jirgin zai tafi ba.

Hassada ce, ba ni da wani suna da zan sa mata. Abu guda nake roƙo: kada Mama ta ga wannan takarda.

Yayarki,
Fiordaliza

Santiago, 2 ga Mayu

'Yata Fiordaliza,

Allah ya yi miki albarka. Ƙanwarki ba ta nuna min komai ba, kukanta na gani na gane.

Ni na roƙi tafiyar nan, ba ita ta ƙirƙiro ba. So nake in ga inda kika ƙarar da ƙuruciyarki. Ni kuma na hana a gayyace ki, don ranar da kika ajiye aiki kin rantse ba za ki ƙara taka jirgi ba.

Kwana biyun nan yarinyar ɗaki ce ta riƙe ni, Marisel. Na riƙa bin ta ɗaki-ɗaki ina riƙe mata matasan kai, ina kallon yadda take durƙuso. Na je neman inda kika zauna, kuma na gani. Da ƙanwarki na nan da ban gani ba.

Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Ki zo ranar Lahadi ki ba ta haƙuri a gabana. Ki taho da kayan kwana, ba ranar za ki koma ba.

Mamanki