Dangwalen Baba a Takardar Motar da Bai Taɓa Gani Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke ba da motoci a biya kaɗan-kaɗan, reshen Bodinga.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiyar aiki, da fatan iyali suna lafiya. A gaishe mini da ma'aikatanka, musamman dogon nan mai tabarau da ya zo gidanmu sau uku bai taɓa cewa ya jikin tsoho ba.

Sunana Hauwa Kulu. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Shagari, a gidan mahaifina, ni da 'ya'yana huɗu, tun rasuwar mijina. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in ka ga magana ta karkace ka yi haƙuri. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa taron ya tashi.

Kamfaninka ya ce mahaifina ya karɓi bas ta haya, zai riƙa biyan naira dubu ɗari da tamanin duk wata, kuma ya jinginar da fadamarsa ta albasa. Yanzu wata uku ba a biya ba, kun aiko takarda cewa ƙarshen wata mai zuwa za ku sayar da fadamar. Takardun da Turanci suke. Malamar ajinmu ta karanta mini su, amma sunan Baba da lambobin kuɗin ni na bi su da yatsa na karanta da kaina. Da wannan fadamar muke ci, ita ke riƙe da babbar 'yata a makarantar sakandare. Ba mu da wata.

Na ɗaya, ina taya ka murnar samun abokin ciniki irin Baba. Ya haura tamanin. Shekara biyu ke nan bai wuce zaure shi kaɗai ba, tun ranar da aka tsinto shi a bakin titi yana neman gidansu na ƙuruciya. Yana gama cin tuwo ya tambaye ni laifin da ya yi aka hana shi abinci. Yakan yi azahar sau uku. Yakan aike ni in kira masa mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina goyon autana. Abin da ya taɓa tuƙawa a duniya jaki ne da keke. A takardarku kuwa, wurin da aka ce sana'a, an rubuta masa direba. Madalla da wannan bincike.

Na biyu, dangwalen da kuke taƙama da shi. E, yatsan Baba ne, ban musa ba. Amma bari in gaya maka abin da yatsan ya sani. Shekaru masu yawa Baba ne ke karɓar wa manoman unguwarmu taki. Malamin gona ya zo da takarda da tawada, Baba ya dangwala, bayan kwana biyu buhuna su iso ya raba. Abubuwa da yawa sun fita daga kansa, wannan bai fita ba. Yau ko mai allurar rigakafi ce ta shigo da littafi a hannu, sai ka ga ya goge babban yatsansa a riga ya miƙa mata. Kowa a gidanmu ya san haka. Sahabi, ɗan ƙanen Baba, ya fi kowa sani, domin shi ke riƙe masa jaki a lokacin.

Sahabi ne ya kawo ma'aikacinka, kuma ya zaɓi ranar kasuwar Shagari, lokacin da na tafi kai ƙuli-ƙuli. Shi ya buɗe adakar Baba ya ɗauko takardar fadama. Maƙwabciyata tana sussuka a bayan danga, ta ji Baba yana tambaya, "Buhu nawa za a ba mu bana?" Ma'aikacinka ya yi dariya ya ce, "Da yawa, Baba, sa hannu nan." A shirye take ta maimaita wannan a gaban kowa. Tun daga ranar, in mota ta yi ƙara a waje, sai Baba ya ɗaga kai ya ce in leƙa ko takin ne ya iso. Har yau yana jira, ranka shi daɗe. Ko za ku aiko masa da buhu ɗaya, tunda alkawari kuka yi?

Na uku, ina motar? Sahabi ya yi 'yan watanni yana jigila da ita tsakanin Shagari da Sakkwato, daga nan shi da ita suka ɓace, wayarsa a kashe. Abin mamaki, kamfanin da ya iya gano tsoho a cikin zaure, a ƙauyen da ko allon suna ba shi da shi, ya kasa gano farar bas mai cin mutum goma sha takwas. Na gane dalili. Fadama ba ta da taya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Ma'aikatanka sun ce ranar da ya dangwala, Baba lafiyarsa ƙalau, ya gaisa da su da kyau, kuma babu wata takarda da ta nuna yana da ciwo. Gaskiya ne, Baba ya iya gaisuwa. Zai tambaye ka gida, da iyali, da bisashe, da ruwa, ya sa maka albarka, alhali bai san ko kai wane ne ba. Maganar takarda kuma, a nan ne nawa kuskuren yake, kuma na ɗauka. Mu nan ba ma cewa dattijo ya ruɗe. Rufa masa asiri ake yi. In baƙo ya zo mu ce yana hutawa. In ya yi wata magana a masallaci, sai a ce tsufa ne, a kama hannunsa a rako shi gida. Na ɓoye gigin tsufan Baba shekara da shekaru don kada yara su mai da shi abin wasa. Ban san akwai manya masu biro da za su fi yara iya wasan ba.

Da kuka ce sai da takarda, na sayar da akuyata na kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya tambaye shi garin da yake, ya ce kasuwa. Sai likitan ya nuna ni ya ce, "Baba, wace ce wannan?" Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wata baiwar Allah ce, tana da kirki, ita ka ba ni hura." A gaban mutane. Ni da ya yi wa huɗuba da bakinsa. Na samo muku takardarku, likita ya rubuta cewa ciwon ya daɗe, ba na bana ba ne. Ga kwafinta nan na haɗo, da Turancin da kuka fi so.

Limaminmu ya ce ko cinikin kaza bai ƙulluwa da wanda hankalinsa ya gushe. Ban san abin da littafin kamfaninku ya ce ba, amma lauyanku ya sani, a tambaye shi.

Ba ni da lokacin jiran wani taro. Irin albasa ya isa dashe, mutumin da ke noma mana fadamar a raba amfani ya ce ba zai dasa ba sai ya san ta wace ce. In lokacin dashe ya wuce, ko kun bar mana gonar, bana babu abin da za mu ci.

Don haka ina roƙo ka dakatar da sayar da fadamar, a rubuce, cikin makon nan. Ka soke yarjejeniyar, ka dawo mana da takardar gonarmu. Ka nemi motarka wurin wanda ya tuƙa ta, ka kuma tambayi ma'aikacinka nawa aka ba shi lada a kan wannan ciniki. In kana shakka, ka zo da kanka ka zauna da Baba na awa ɗaya, zan shimfiɗa maka tabarma.

In ba haka ba, zan je wurin hakimi, daga can kotu. Na san a can za a tsayar da mahaifina a gaban jama'a a yi ta tambayarsa yana kasa amsawa. Dangi sun riga sun fara cewa na tona masa asiri. Ba na so a kai ga haka, amma yara huɗu suna kallon hannuna, zan kai shi.

Allah ya ƙara maka girma, ya shirya maka zuri'a. Allah ya ba ka tsawon rai har ka kai shekarun Baba, kuma ranar da aka shigo maka da takarda, Allah ya sa 'yarka tana gida.

Wassalam.

Hauwa Kulu,
daga ƙasar Shagari.