Sabon Gajeren Wando a Jakar Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, saura kwana tara mu tafi, ni kuwa ko abinci na kasa ci.

Ni ce da kaina na ce mu kai Babanmu bakin teku, tunda bai taɓa gani ba. Shekara talatin yana fiton mutane a kogi da kwalekwale, sai da gwiwa ta matsa masa na ɗauko shi ya dawo gidana. Shekarunsa sittin da tara, yana shan maganin hawan jini safe da yamma. Ni a zatona inuwa zai samu ya zauna, mu yi hotuna. Shekaranjiya ina haɗa masa kaya sai ga sabon gajeren wando shuɗi, an cusa shi ƙarƙashin riguna. Da na tambaya, cewa ya yi ruwa duk ruwa ne, wai tun ba a haife ni ba yake iyo.

Mijina dariya kawai yake. Har na yi tunanin ɓoye wandon, ko na ce an soke tafiyar. Amma Anti, tun rasuwar Mamanmu ban ga ya yi ɗokin komai haka ba, har aski ya je. In na hana shi na karya masa zuciya. In na bar shi wani abu ya faru, da wane ido zan kalli yayyena?

Autar ɗan fito

Auta, fara cin abinci tukuna. Wandon kuma ki bar shi inda yake. Rashin wando ba zai hana irin Baba shiga ruwa ba, abin kallo kawai zai ƙara wa jama'a.

Tsoronki yana kan hanya. Kogi gefe ɗaya yake tafiya. Teku kuwa cika yake yana janyewa, kuma akwai inda ruwan ke komawa ciki da ƙarfi alhali samansa luf. Gwanaye ya fi wahalarwa, don su ne masu ja da shi. Wanda ya faɗa irin wurin ya yi iyo gefe, yana bin gaɓa, har ruwan ya sake shi.

Ki kai Baba wurin likitansa kafin tafiya. In ya amince, to sai inda akwai masu ceto, da safe kafin rana ta yi zafi, ruwa iya ƙugu. Jar tuta ba ado ba ce, cewa take kada a shiga. Magungunansa su zauna a jakar hannunki, a inuwa. Ki tanadi ruwan sha na roba, gidan sauro, da takalmin roba saboda duwatsu. Mijinki mai dariya ya shiga tare da shi, mu ga inda dariyar za ta tsaya.

Sai dai duk wannan ba zai ji daga bakinki ba. A idonsa jiya kika koyi tafiya. Ya kuma cancanci a bi da shi a matsayin wanda ya san ruwa. Ranar farko ki kai shi inda masunta ke gyaran komarsu ta kamun kifi, ki ce musu ga abokin sana'arsu, ki ja da baya. Su zai saurara. Zai dawo yana yi miki huɗuba kan hatsarin teku, har ya hana ki matsawa kusa. Ki gyaɗa kai kamar yau kika fara ji.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, da wandon a jiƙe.