Littattafai Ashirin da Takwas na Kawu Inusa

Toukra, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sharifa da yara, da aikin gyaran waya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kada ka ce me ya hana ni kira. Ka san kunnen kawunka, in ana magana a telefon ji nake kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Takarda ta fi mini.

Hansatu mai kayan miya za ta ba ka kwali tare da wannan wasiƙa. Littattafan zanena ne a ciki, waɗanda ku 'yan lekol, masu karatun boko, kuke ce wa bede, guda ashirin da takwas. Ka san su, ai kai ka zuba wa ɗaya kunu kana shekara shida, har yau tabon yana nan. Na tara su ne ina ɗan aike a kantin littattafan wani Bature, duk ƙarshen wata in sayi ɗaya, uwarka tana yi mini dariya wai ƙato da gemu yana kallon zane. Shekarar yaƙi da muka tsallaka kogi zuwa Kuseri a kwalekwale, katifa na bari na ɗauko su a ka.

Ranar sunan 'yarka ka ce a intanet akwai Turawa masu neman irin waɗannan tsofaffin, suna biya da tsada. Na yi kamar ban ji ba, amma wannan kam na ji. To ga su. Gwiwata ta daina ɗaukar jarka daga kogi zuwa lambu, ganyen salati kuma yana son ruwa safe da yamma. Injin ban-ruwa nake so, ƙarami, an ce jaka ɗari da hamsin na sefa. In sun kai, alhamdu lillahi.

Ka gai da mutanen gida. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka,
Inusa


Amriguébé, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da girmamawa, ya gwiwa, ya lambu? Sharifa da yara suna gaisuwa.

Kawu, albishirinku. Ashe dukiya kuka danne a ƙarƙashin gado shekara arba'in da wani abu. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, har tabon kununa, na sa a wata kasuwar intanet ta masu tara tsofaffin littattafai. Gwanjo ake yi, kwana bakwai. Kwana biyar shiru, har na fara shirya abin da zan ce muku. Ran na shida mutum biyu suka kama ja-in-ja, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, ni ina shago na ajiye wayar wani a buɗe ina kallo. Daga ƙarshe wani Bature ɗan ƙasar Beljik ya ɗauka Yuro ɗari tara. A sefa ya kusa jaka ɗari shida.

Amma kada ku sa rai da su duka. Kasuwar tana da la'adarta kamar dillalin awaki, sai dai wannan dillalin ba a roƙonsa ragi, goma sha uku cikin ɗari. Tun kafin a taya ma sun karɓi kuɗin shimfiɗa kaya. Kamfanin da ke riƙe kuɗin zai ciri nasa, banki ya ciri na canji. Kuɗin aikawa ni na ɗauka daga jarin shago, don na ga rashin ta-ido ne mutum ya biya haka kuma a ce ya biya dako. Duk da haka injinku ya fita, har da bututu da mai na wata uku. Suna riƙe kuɗin sai kaya sun isa hannun mai saye, wajen mako uku ke nan.

Akwai ɗan abin da nake shirya wa mutumin kafin in rufe kwalin, don ya san 'yan N'Djamena ba ƙananan mutane ba ne. Ku dai ku bar mini harkar nan, hannuna ne.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanku,
Taufiq


Toukra, 22 ga Disamba

Ɗana Taufiq,

Sallama da gaisuwa. Wata guda ke nan da 'yan kwanaki, ko Beljik ɗin da raƙumi ake zuwa? Ba matsa maka nake yi ba, na san harkar nesa sai haƙuri. Sai dai Hansatu ta ce sau biyu tana leƙa shagonka, kana ganinta ka sunkuya kan waya kamar mai neman allura. Ta ce ka rame. In rashin lafiya ce a gida, a faɗa mini, ni ba baƙo ba ne.

Kwami biyu na salati sun ƙone, sauran ina lallaɓa su. Mutumin ya karɓi littattafan? Ya ce wani abu a kansu? Ina so in ji.

Allah ya sa mu ji alheri.

Kawunka,
Inusa


Amriguébé, 6 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya yi yawa. Ga inji nan Yunusu direba zai sauke muku, sabo ne cikin kwalinsa. Komai ya tafi daidai. Ragowar kuɗin la'ada ta cinye, kun san halin mutanen nan. Ba zan samu zuwa ba kwanan nan.

Na gode, Allah ya sa albarka.

Taufiq


Amriguébé, 15 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ku. Sharifa ce. Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta muku ba, kuma ɗanku bai san na yi ba.

Kawu, ba kuɗin littattafai ba ne suka sayi injin nan. Babur ɗinsa ya sayar. Yanzu a ƙafa yake zuwa shago, in maƙwabta sun tambaya ya ce yana wajen bakanike. Ban san duk abin da ya faru ba, don ya ƙi faɗa mini, amma na san Baturen bai biya ko dala ba, kuma littattafan ba su dawo gidan nan ba.

Ɗanku ya daina cin abinci na kirki. In yara suka ce yaushe za mu Toukra, sai ya daka musu tsawa, shi da ba ya faɗa. Jiya ya hango Hansatu daga nesa ya shige masallaci, ba lokacin salla ba. Na ce masa ya je ya same ku, ya ce da wane ido. Ni kam na gaji da zama da shi a haka, kuma ban iya cin ƙarya tare da shi ba. Yau zan gaya masa na rubuto muku, in ya so ya yi fushi.

Ku yafe mini in na wuce gona da iri.

Surukarku,
Sharifa


Amriguébé, 17 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, in za ku amsa. Sharifa ta faɗa mini abin da ta yi. Na yi mata faɗa, daga baya na gane ta fi ni gaskiya. Takarda uku na yaga kafin wannan. Kunya ce take cina, Kawu, ban taɓa jin irinta ba.

Ga abin da ya faru. Bayan an gama gwanjo na zauna ina kallon littattafan nan, gefensu ya yi ja, bayan wasu ya ɓare, kusurwa duk ta nannaɗe. Na ce yanzu mutum ya biya kuɗi haka in aika masa da wannan? Ni da ko tsohuwar waya zan sayar sai na sauya mata gilashi na goge ta tas. A wurinmu ba a miƙa wa mai saye kaya da datti. Sai na kwashe su na kai wa mai ɗaurin littattafai a bayan Babbar Kasuwa, wanda yake gyara wa 'yan lekol nasu. Na ce ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Ya yi kuwa. Ya sa wuƙar inji ya datse gefen da ya yi ja, ya shafa gam, ya lulluɓe kowane bango da roba mai ƙyalli. Shafin da kunu ya ɓata, ni da hannuna na sa ruwan bilic na wanki a auduga na goge. Da na jera su suna walƙiya, wallahi har alfahari na ji. Ban karɓi ko sisi a kan gyaran ba, kyauta na yi masa.

Ranar da kwalin ya isa mutumin ya rubuto. Ya ce me na yi. Ya ce tsufansu ya saya, jan gefen nan da na datse shi ne kuɗin, bugun farko ne waɗanda ba a taɓa ba, yanzu kuma ba su fi na yara ba. Ya ce kamar an ba shi tsoho mai daraja an rina masa gemu. Ban ji haushinsa ba, don bai zage ni ba. Cewa ya yi ya ji baƙin ciki saboda littattafan, wannan ya fi zagi ciwo.

Ya kai ƙara wurin masu kasuwar. Suka ɗora hotunana na farko kusa da nasa, ba sai an yi dogon zance ba. Suka mayar masa da kuɗinsa duka. La'adarsu kuwa ba sa mayarwa in laifin mai kaya ne, suka cire ta daga katin bankina, suka ƙara da kuɗin shari'a. Sannan suka ce in ina son kayana in biya kuɗin dawo da su cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba mutumin ya yi yadda ya ga dama da su.

Wasiƙarku ta Disamba a cikin kwanakin nan ta same ni. Kuna tambaya ko ya ce wani abu a kansu. Na karanta na sa a aljihu. Na sayar da babur, na toshe ramin banki da na shago, abin da ya rage ya isa abu ɗaya tak, ko dakon dawo da littattafai ko inji. Na ce in na dawo da su dole ku ga abin da na yi musu, ku ga robar nan da idonku. In na sayi inji ba wanda zai sani. Na gaya wa kaina don salatinku na yi, amma ƙarya ne, fuskata na saya. Na zauna ina ƙirga kwanakin har suka ƙare.

Makon jiya na rubuta wa mutumin ina roƙo. Ya ce ya jira har wa'adi ya wuce, da bai ji ni ba ya ba wa masu tara tsofaffin kaya na sadaka, bai san inda suka nufa ba.

Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Kun ba ni amana, na ɓata ta, na ɓoye, na yi muku ƙarya a rubuce. Ku yafe mini don Allah. In ba ku so ganina ba, na fahimta.

Ɗanku mai laifi,
Taufiq


Toukra, 24 ga Janairu

Ɗana Taufiq,

Wa alaikas salam. Na amsa gaisuwarka. Na karanta takardarka sau biyu, na ajiye ta mako guda don kada in rubuta da zafi.

Gyaran da ka yi bai ba ni haushi ba. Da ni ne ma ƙila haka zan yi, wa ya san akwai masu sayen datti? Ƙaryar ta yi mini ciwo, amma wannan tsakaninmu ne, za mu yi maganarta baki da baki. Matarka kuma kada ka sake ɗaga mata murya a kan wannan.

Ni ma ina da tawa kunyar. Tun ranar da Hansatu ta ɗora kwalin nan a ka na san na yi kuskure. Na biyo ta har bakin titi, na kasa cewa ta sauke. Da ka rubuto an saya, na so in ce ka fasa, na ga ka sha wahala kana murna, na yi shiru. Duk salla ina roƙon Allah ya sa cinikin ya lalace su dawo mini. Ashe an amsa, kwana goma sha huɗu suna jira, ni ban sani ba.

Da ka tambaye ni, Taufiq, da na ce a dawo da su. Da robarsu, da datsattsen gefensu, ko yaya suke. Da na ci gaba da jan jarka har gwiwar ta ƙare. Zaɓin nawa ne, amma kai ka yi mini shi.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci, da Sharifa da yara. Ban yi maka alkawarin sakin fuska ba, amma za a dafa da kai.

Kawunka,
Inusa